Mai ɓarin ƙwallo yana warkewa, ko hali zanen dutse ne?

Auwalu_Eagles:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya muka kwana muna musu da wani abokina a kan Nelson Agholor, ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya buga wa ƙungiyarmu Eagles, har mai shayin ya tattara kofunansa ya bar mu a benci. Shi cewa yake risiban (mai cafe ƙwallon da aka jefo) da ya shigo NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, da ɓarin ƙwallo, da shi zai bar ta, komai horon da aka yi masa, wai hannu halitta ne kamar tsawo. Ni kuma na ce ƙarya ne, don da idona na ga Agholor a 2016 ana jefa masa ƙwallo tana dukan tafinsa tana faɗuwa kamar an shafa masa kuɓewa, sannan na sake ganinsa a watan Fabrairun 2018 ya cafe tara a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, muka doke Patriots 41 da 33. Sai ya ce mini to 2019 da ɓarin ya dawo fa? Nan bakina ya mutu. Shi ne na kawo ƙara gaban manya. Ɓari ciwo ne mai magani, ko sai dai ya lafa ya dawo?

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
Abokinka ya fi ka gaskiya. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Baba_Na_Houston:
Wa alaikumus salam Auwalu. Sadiq, da wannan maganar taka gaskiya ce da babu wanda ya san sunan Jerry Rice yau. Lokacin da 49ers suka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1985 daga wata ƙaramar jami'a a Misisipi, rabin farkon kakar ɓari kawai yake yi, har 'yan kallon gidansu suna masa ihu, jaridu suna cewa an yi asarar zaɓe. A watan Disambar shekarar ya cafe goma a wasa ɗaya da Rams, yadi 241, wato nisan da ya ci a fili da ƙwallayen da ya cafe. Daga nan aka rufe wancan babin. Ya yi ritaya da cafiya 1,549 da yadi 22,895, kuma har yau babu wanda ya taɓo wannan yadin. Idan wannan bai warke ba, to ban san mene ne warkewa ba.

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
Baba, da girmanka, amma Rice mutum ɗaya ne. Duk sanda aka yi wannan musun shi ake jawowa. Ina sauran da suka fara da ɓari suka ƙare da ɓari? Su ba a tuna sunansu shi ya sa ba sa shigowa lissafi.

Hauwa_Lissafi:
Sadiq ya taɓo wani abu mai muhimmanci, ko da yake ban yarda da inda ya kai shi ba. Amma kafin a yi nisa, ku sani NFL ba ta da wani adadi na hukuma da ake kira ɓari. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke zama su kalli bidiyo su yanke hukunci cewa wannan ya kamata a cafe, wancan laifin mai jifa ne. Shi ya sa za ka ga wuri ɗaya an rubuta wa ɗan wasa bakwai, wani wurin an rubuta masa sha ɗaya a kaka guda. Sannan ku duba ƙanƙantar abin. Mutumin da aka jefa wa ƙwallo sau ɗari da ashirin, idan ya ɓarar da biyar ana yabonsa, idan ya ɓarar da goma ya zama abin zagi. Ƙwallo biyar ce tsakani, a cikin wata huɗu. Ruwan sama na yini ɗaya da yatsa mai ciwo na mako biyu sun isa su kawo wannan bambancin. Wasu da muke cewa sun warke, ƙila tun farko ba su da ciwon, shekara ce ta zo musu a karkace.

Ɗan_Maraɗi_227:
Ku yi haƙuri, ni sabon shiga ne. Risiba da na sani ita ce ta dish da ke kan talabijin ɗinmu. Wane ne risiba a nan kuma?

Auwalu_Eagles:
Hahaha barka da zuwa mutumin Nijar. Risiba shi ne wanda yake tsayawa can gefen fili, da an fara wasa ya sheƙa da gudu, kwatabak, wato mai jifa, ya jefo masa ƙwallo ya cafe. Aikinsa ke nan, gudu da cafiya. To ka ga idan ba ya cafewa ya zama ɗan tsere kawai.

Koci_Lawal:
Bari in sa baki, don shekara shida ke nan ina taimakawa wajen horar da yaran sakandare a nan inda nake zaune a Amurka, kuma ɓangaren masu cafiya aka ba ni. Kuskuren da nake gani a wannan muhawarar shi ne ana ɗaukar ɓari kamar ciwo ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Mafi yawan wanda nake gani, ido ne yake barin ƙwallo kafin ta iso. Yaro ya ga fili a buɗe gabansa, zuciyarsa ta riga ta kai shi layin ci, sai ya juya kai zai gudu alhali ƙwallon saura taku ɗaya ta shigo hannunsa. Idan ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da ta taɓa yatsunsa, za ka ga fuskarsa tana kallon wani wuri dabam. Wannan ina warkar da shi a mako shida. Muna rubuta lamba da alli mai kauri a hancin kowace ƙwallo, sai ya faɗa mini lambar da ƙarfi bayan ya cafe ya danna ta a hammata. Bai faɗa ba, ba a lissafa ba, ya koma layi.

Akwai kuma mai cafewa da ƙirji. Tun yana ƙarami ya saba barin ƙwallo ta shigo jikinsa ya rungume ta. A unguwa babu laifi, amma da ya sa sulken kafaɗa sai ta riƙa dukan robar tana tsalle. Shi sai an koya masa miƙa hannu ya tare ta tun a waje: in ta zo sama da ƙirji, manyan yatsu biyu da manuniya biyu su haɗu su bar ƙofa a tsakiya, hancin ƙwallon ya shiga nan, in ta zo ƙasa da cibiya, ƙananan yatsu ne ke haɗuwa, tafi yana kallon sama. Wannan yana ɗaukar lokaci, kuma ranar da wasa ya yi zafi sai ka ga tsohon halin ya leƙo.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne mai jin takun mai tsaro a bayansa. Ya san da ya cafe za a maka shi da ƙasa, sai kafaɗunsa su ɗage, hannayensa su gajarce. A atisaye ba ya ɓarar da ko ɗaya, don ya san babu mai taɓa shi. Wannan gaskiya ban taɓa warkar da shi da dabarata ba. Wasu suna sabawa da dukan da kansu, wasu kuma mu mayar da su tsaron baya, su zama su ne masu dukan.

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
To ka gani Koci, kai ma ka yarda akwai wanda ba ya jin magani.

Koci_Lawal:
Na yarda akwai. Ban yarda duka ba ne, kuma kai duka ka ce.

Injiniya_Bala:
Ni maganar Jerry Rice ce ta tsaya mini. Kullum ana ba da labarin mahaifinsa birkila ne, yana yaro 'yan'uwansa suna jefo masa bulon ja yana cafewa a kan sikafol, wai nan ya samo hannu. Ni aikina ke nan, kullum ina wurin gini. Ku zo ku ga leburorinmu suna jefa wa juna bulo daga ƙasa zuwa bene, ba ka taɓa ganin ya faɗi. Amma wallahi hannunsu kamar katako yake. Na taɓa jefa wa ɗaya mangwaro daga nesa, sai da ya fasa shi a tafinsa. Cafe bulo hannu mai tauri yake so, ƙwallo kuwa sai hannun da yake bin ta baya kaɗan kamar mai karɓar ƙwai. Ina ganin abin da Rice ya samu a wurin ginin nan jure wahala ne a zafin Misisipi, ba laushin hannu ba. Da bulo ke koyar da cafiya ai da bai yi ɓarin 1985 ba.

Baba_Na_Houston:
Injiniya ka burge ni. Kuma tunda an zo nan a faɗi gaskiya, Rice da bakinsa ya amsa a 2015 cewa yakan fesa wa safar hannunsa ɗan abin danƙo, alhali tun 1981 aka haramta shi bayan Lester Hayes na Raiders ya riƙa shafe jikinsa da shi har gwiwar hannu. Amma wannan bai rage masa komai a wurina ba. Safar hannun da yaran yanzu ke sawa ta fi wancan danƙon kamawa, kuma da ita suke ɓarin.

Maman_Khalil:
Assalamu alaikum. Ni ba gwanar lissafin 'yan wasa ba ce, ɗana ne ya jawo ni cikin abin. Yana aji na biyu a babbar sakandare a nan, ya shiga ƙungiyar makarantarsu, gudu kam Allah ya ba shi, amma duk ƙwallon da aka jefo daga nesa sai ta wuce ta tsakanin hannayensa ko ta buge shi a hular kwano. Na kusa kuwa yana cafewa lafiya lau. Yara suka sa masa suna, ya dawo gida ya daina cin abinci sosai. Babansa ya ce ya haƙura ya koma tamaula. Wata rana muna cikin mota na ce ya karanta mini allon hanya, sai na ga yana ƙanƙance ido. Muka je aka auna, ashe ido ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, shi bai ma sani ba don ɗayan yana rufa masa asiri. Aka ba shi gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido. Ban ce ya zama gwani ba, amma kakar da ta biyo baya shi ne na biyu a cafiya a ƙungiyarsu. Don haka kafin a ce wa yaro hali ne, a kai shi a duba idonsa.

Auwalu_Eagles:
Masha Allah Hajiya, Allah ya raya mana Khalil.

Abba_Vikings:
Amin. Sai dai Hajiya, mu magoya bayan Vikings mun taɓa shan wannan maganin bai yi mana aiki ba. A 2005 muka sayar da Randy Moss, muka ɗauki Troy Williamson a lamba ta bakwai a zaɓen sababbin 'yan wasa don ya gaje shi. Gudu kamar barewa. Ɓari kuwa ba a magana. Aka ce matsalar ido ce, aka kai shi wurin ƙwararru aka yi ta gwaje-gwaje da atisayen ido, ya yi ta cafe dubban ƙwallaye lokacin hutu. Wasan ƙarshe na kakar 2007 a Denver, ya tsere wa kowa, babu mutum kusa da shi, ƙwallo ta sauko masa daidai, ya ɓarar. Bayan nan aka tura shi Jaguars, can ma bai yi komai ba. Duk wanda zai kawo mini Rice, ni Williamson zan ajiye masa a tebur.

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
Yawwa Abba. Allah ya biya ka.

Hauwa_Lissafi:
Abba, amma ka lura da abin da ya bambanta su. Rice ya cafe ƙwallaye ba adadi a jami'a kafin ya zo, hannun yana nan, ruɗewar sabon wuri da sabon tsarin wasa ne suka dame shi. Williamson kuwa agogon gudu aka kalla aka ɗauke shi. Haka Raiders suka yi a 2009 da Darrius Heyward-Bey, shi ma lamba ta bakwai, shi ma saboda gudu. Idan mutum bai taɓa zama mai cafiya ba a rayuwarsa, me zai koma wa? Ni tambayar da nake yi ita ce, ya taɓa iyawa ya rasa, ko bai taɓa iyawa ba?

Mubarak_Bengals:
Wannan maganar ta Hauwa ita ce labarin Ja'Marr Chase daidai. A wasannin share fage na 2021 ya yi ta ɓari, aka tambaye shi, ya yi bayanin cewa ƙwallon jami'a tana da farin zane a kusa da hancinta, ta NFL ba ta da shi, don haka sai ido ya saba. Kai, ranar intanet ta ci shi ɗanye. Wai an ɗauki makaho a lamba ta biyar. Mutane sun manta bai buga wasa ko ɗaya ba a 2020 saboda ya janye lokacin korona, shekara guda cur babu gasa. Kaka ta fara, ya gama da yadi 1,455 da tocdawun 13 (wato kai ƙwallo layin ci), muka je har Super Bowl. A 2024 shi ya fi kowa yawan cafiya, da yadi, da tocdawun, duka ukun. Masu dariyar nan har yau ban ga wanda ya dawo ya ba da haƙuri ba.

Ɗan_Maraɗi_227:
Wai duk da wane lokaci kuke kallon wasannin nan? Na duba na ga wasu ƙarfe biyun dare.

Auwalu_Eagles:
Na ranar Lahadi na farko suna farawa wajen magariba a lokacinmu, shida ko bakwai, ya danganta da ko sun canza agogonsu. Na dare ne bala'i, ɗaya da minti ashirin ko biyu da minti ashirin. Super Bowl sha biyu da rabi. Ni dai nakan yi barci bayan isha'i in sa ƙararrawa, in an gama in jira asuba.

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
In kuma an ɗauke wuta ana saura minti biyu ka ƙarasa a waya kana zagin kowa.

Gola_Na_Fagge:
Ni ban taɓa riƙe ƙwallon Amurka ba sai a hoto, amma na yi shekara tara ina tsaron gida a ƙungiyar unguwa, kuma abin da kuke faɗa na san shi a jikina. Akwai wasan da aka buɗo mini wata ƙwallo mai sauƙi, irin wadda ko barci nake zan kama, ta zame ta tsakanin ƙafafuna ta shiga. Wata uku bayan nan duk ƙwallon da ta taso sai in ji ina tunanin hannuna, ina zan sa shi, yaya zan buɗe yatsu. Abin da da ba na tunaninsa sam. Kuma da ka fara tunani ka makara. Ban san ranar da ya tafi ba, kawai wata rana na lura an gama wasa ban tuna da hannuna ba. Ku duba Karius, golan Liverpool a lokacin, bayan wasan ƙarshe na 2018 da Real Madrid, bai sake komawa yadda yake ba. Nasa bai tafi ba, nawa ya tafi, kuma ba don na fi shi iyawa ba.

Baba_Na_Houston:
Gola, abin da ka faɗa shi ne ainihin labarin Agholor da Auwalu ya buɗe zancen da shi. A Nuwambar 2016 bayan wasansu da Seattle, inda ya tsaya ba daidai ba aka soke musu tocdawun sannan ya ɓarar da wata a fili, ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa cewa matsalar a kansa take, tunani ya yi masa yawa. Koci Doug Pederson ya ajiye shi wasa guda don ya huta. Shekarar da ta biyo baya suka dawo da shi ciki, kusa da layin ƙattai, maimakon can gefe inda manyan masu tsaro ke shaƙe shi tun daga taku na farko. Ya cafe 62, tocdawun takwas. Hannun bai canza ba, wurin tsayuwa da kwanciyar hankali ne suka canza. Ɗan Legas ne fa, yana ɗan shekara biyar iyayensa suka kawo shi Florida, shi ya sa nake bin labarinsa tun yana jami'a.

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
Baba ka tsaya a 2017. Ƙarasa mana. Satumbar 2019 a Atlanta, saura ƙasa da minti biyu, ƙwallon da za ta ba su wasa ta bi ta hannunsa ta wuce. Mako guda bayan nan gobara ta tashi a Filadelfiya, wani bawan Allah da ya taimaka aka riƙa miƙo yara ta taga yana cafewa, da 'yan talabijin suka zo ya ce su dai suna cafewa, ba kamar Agholor ba. Mutum yana tsakiyar ceton rai ya tuna da ɓarinka, ai magana ta ƙare.

Auwalu_Eagles:
Kai Sadiq, ka fama mini tsohon miki. Amma ka faɗi ƙarshen labarin: Agholor bai yi fushi ba, ya yaba wa mutumin ya gayyace shi kallon wasa. Kuma 2020 da ya koma Raiders ya yi yadi 896, mafi yawa a rayuwarsa.

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
Shekara ɗaya sama, shekara ɗaya ƙasa. Wannan ba warkewa ba ce, zazzaɓin cizon sauro ne.

Ustaz_Packers:
Ku bar Agholor haka, ku ɗauki Davante Adams. A 2015 da babban risibanmu Jordy Nelson ya ji ciwo aka ɗora masa nauyi, ya gama kaka da tocdawun ɗaya tak, ga ɓari, ga ciwon idon sawu da ya yi ta ja da shi. Magoya bayanmu da yawa suna cewa a sallame shi. Bayan shekara biyar ya ci 18 a kaka ɗaya, ana cewa babu kamarsa. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, ƙafarsa ce ta gyara hannunsa. Da ya ƙware wajen yaudarar mai tsaro a taku uku na farko, sai ya zamana yana cafewa babu kowa a jikinsa. Cafiya a sarari da cafiya ana jan rigarka ba ɗaya ba ne.

Koci_Lawal:
Ustaz wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake gaya wa iyaye injin jefa ƙwallo ba ya yin komai shi kaɗai. Kowa ya ji Amon-Ra St. Brown na Lions yana cafe 202 daga inji bayan kowane atisaye, sai kowane uba ya je ya sayo inji. Inji kullum wuri ɗaya yake jefowa, da juyi iri ɗaya, kana tsaye kana jira. A wasa kuwa kana cikin gudu, ka juyo ka tarar ƙwallon ta riga ta yi rabin hanya da saurin da ya kusa kilomita 90 a awa, ga hannun wani a fuskarka. In za a yi aiki da inji, a sa wani ya riƙa dukan hannun yaron da tawul, ko ya juya baya sai an kira shi ya waiwayo. Diontae Johnson na Steelers da ya fi kowa ɓari a 2020, har kocinsu Mike Tomlin ya zaunar da shi a tsakiyar wasa da Bills, ƙwallon tanis ya koma yana cafewa don ta fi ƙanƙanta, dole ido ya bi ta. A 2021 ya cafe 107.

Hauwa_Lissafi:
Kuma kar a manta da mai jifan. Steve Young bahago ne, ƙwallonsa juyin hagu take yi, sai da masu cafiyar 49ers suka sake sabawa bayan Joe Montana. Brett Favre kuwa 'yan wasansa sun sha ba da labarin yadda jifansa ke gurɗa musu yatsu. Idan risiba ya canza ƙungiya ɓarinsa ya ragu, ba lallai shi ne ya canza ba.

Nura_Chiefs:
Ni tambayata dabam ce: dole ne ma sai an warke? A 2023 mu ne muka fi kowace ƙungiya ɓari. Wasan farko Kadarius Toney ya bar ƙwallo ta bugi hannunsa ta tashi, ɗan Lions ya cafe ya kai gida, muka faɗi 21 da 20. A Nuwamba Valdes-Scantling ya ɓarar da wadda za ta ba mu wasa da Eagles. Na rantse a ranar ba zan ƙara kallonsa ba. Shi ɗin dai ya cafe wadda ta rufe wasa da Ravens a Janairu yana faɗuwa da baya, ya kuma ci tocdawun a Super Bowl, muka ɗauki kofi. Toney kuwa ko rigar wasa ba a ba shi ba a wasannin ƙarshen. Biyu masu ciwo ɗaya, ɗaya aka ci gaba da jefa masa, ɗaya aka cire rai.

Baba_Na_Houston:
Nura ka tuna mini da Terrell Owens. Wannan har ya yi ritaya bai daina ɓari ba, amma yadinsa ya kusa dubu goma sha shida, yana cikin zauren gwarzaye. Janairun 1999, yana 49ers, a wasa da Packers ya yi ta zubar da ƙwallaye tun farkon wasa, saura 'yan daƙiƙu Steve Young ya sake jefa masa a tsakiyar masu tsaro, suka haɗu suka maka shi, bai saki ba. Ya taso yana kuka kamar yaro. Ina zaune a falon wani abokina a ranar, matarsa ta fito daga kicin tana tambaya wa ya rasu.

Ustaz_Packers:
Baba don Allah a bar tuna wannan wasan. Rice ya saki ƙwallo kafin nan, alƙalai ba su gani ba.

Baba_Na_Houston:
Shekara ashirin da wani abu Ustaz, ka yafe.

Abba_Vikings:
Abin da na fahimta daga Owens shi ne, ana yafe maka ɓari gwargwadon abin da kake kawowa. Wes Welker ya cafe 122 a 2011, ya fi kowa, amma abin da ake tunawa shi ne guda ɗayan da ta kuɓuce masa a Super Bowl da Giants. Shi kuma ba a yafe masa ba. To ni na rasa ma'aunin.

Zee_Kumasi:
Ina karantawa tun ɗazu daga Gana. Tun da NFL ta yi sansaninta na farko a Accra a 2022 yara a nan suka fara buga irin wadda ba a kayar da mutum, sai dai a fizge ƙyalle a ƙugu, wadda za a buga a gasar Olamfik ta 2028. Ƙanwata tana ciki. Abin da na lura, waɗanda suka taso da ƙwallon hannu ko ƙwallon kwando suna cafewa cikin mako biyu, waɗanda tamaula kawai suka sani kuwa sai su riƙa tarar ta da ƙirji kamar za su sauke ta a ƙafa. Koci Lawal, wanda ya fara a shekara sha bakwai zai iya kamo wanda ya fara a shekara bakwai?

Koci_Lawal:
Zee, zai iya kamo shi a cafiyar da aka shirya mata. Wadda ba a shirya mata ba, irin ta bayan kafaɗa ko wadda ta bugi hannun wani ta canza hanya, a nan ake gane wanda ya taso da abin. Amma sha bakwai ba tsufa ba ne. Ki ce mata ta samu ƙwallon tanis da bango, hannu ɗaya-ɗaya, minti goma kullum, kuma ta daina rungumewa ko da za ta fi ɓari a makonnin farko. Za ta fi ɓari kuwa, kar ta karaya.

Auwalu_Eagles:
To jama'a, na tura wa abokin nawa duk abin da aka rubuta. Ya karanta ya ce Sadiq da Abba ne kawai masu hankali a gidan nan.

Sadiq_Gyadi-Gyadi:
Ka gaishe shi, ka ce shayinsa na gobe a kaina.

Hauwa_Lissafi:
Ka tambaye shi ya kawo adadin ɓarin Agholor na 2017 da na 2019, da yawan ƙwallayen da aka jefa masa a kowace, da kuma inda ya samo lissafin. In ya kawo sai mu ci gaba.

Mubarak_Bengals:
Ba zai kawo ba. Ni dai har yanzu ina jiran masu ba Chase haƙuri.